BA A SARKI BIYU A SITUDIYO ƊAYA: Abin Da Ke Ɓata Wa Samarin Mubi Aikin Waƙa

Duk wanda ya taɓa mallakar rakoda mai batir a zamanin da kaset ke tashe, ya san abin da kan sami muryar marigayi Alhaji Mamman Shata idan batir ya fara sanyi. Sai muryar ta yi kauri, kalangai su riƙa jan ƙafa kamar wanda ya kwana da masassara, har maigida ya ce wa yaro ya cire baturan nan ya shanya su a rana ko sa ɗan farfaɗo. Kafin rakoda ma haka garmaho yake yi in ba a wana shi sosai ba. Dalilin kuwa guda ne, watau an ɗauki waƙar da wani gudu, sa'an nan ana juya ta da wani gudu dabam.

Mutane da yawa suna tsammanin zuwan kwamfuta ya kashe wannan cuta. Ba ta mutu ba, riga ce kawai ta sake, ta shiga ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa da ake kira situdiyo, waɗanda da wuya a sami babban gari a Arewa da babu su. Inda ta fi ɓarna kuwa shi ne inda yaro mai ƙaramin jari ya haɗa akwatunan sauti biyu a jikin kwamfuta ɗaya, don ya sami wurin cusa makirfo da yawa. Akwatin sauti shi ne wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad, shi ne kuma dillali tsakanin makirfo da kwamfuta. Za mu ɗauki Mubi ta Jihar Adamawa mu yi misali da ita, domin irin aikin da kan zo wa mai situdiyo a can shi ne ainihin wanda ke tona wannan asiri.

Mubi gari ne na bakin iyaka, a gindin duwatsun Mandara, a gaɓar kogin Yedzaram, daga can zuwa Kamaru ba wata tafiya ba ce. Ita ce hedkwatar tsohon Lardin Sardauna, wanda ya shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar 1961. Kowa ya san kasuwarta ta shanu. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, su suka cika garin da samari masu hannu a kwamfuta. Ban da Hausa da Fulatanci, ana jin Gude da Fali da Margi da Kamwe a kasuwa, kowace al'umma kuwa da kiɗanta. Uwa uba, ƙasa ce ta waƙar taro. Akwai matan zumunta na majami'u, musamman na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya wadda hedkwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi, akwai 'yan makarantun Islamiyya da waƙoƙinsu na ranar sauka, akwai masu bege da mandiri, akwai kuma makaɗan biki na gargajiya. Waɗannan duka jama'a ce ke tsayawa gaban makirfo, mutum goma ko ashirin, da ganguna da caki da tafi.

A Kano abin ya zo da sauƙi. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ɗakuna irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyano ƙirar Yamaha, daga baya kuma aka yi fim ɗin Sangaya wanda waƙarsa ta game ƙasa, kiɗan finafinan Hausa ya zama aikin mutum ɗaya da fiyanonsa. A buga kiɗa tukuna, mawaƙi ya shiga ya ɗora, mawaƙiya ta shiga ta ɗora nata, 'yan amshi su biyo baya. Wannan aiki kafa biyu ta ishe shi. Shi ya sa ƙananan akwatuna masu kafa biyu, irin su Scarlett 2i2 na kamfanin Focusrite ko UMC202HD na Behringer, suka wadatar da mai kiɗan fiyano. Amma a ce ƙungiyar mata ashirin ta taso daga Michika ko Maiha ko Hong, sun tara kuɗin mota da na situdiyo da kyar, suna so a ɗauke su gaba ɗaya kamar yadda suka saba yi. Mai ba da waƙa tana son makirfo nata, ganga tana son nata, 'yan amshi suna son biyu ko uku. Akwati mai kafa takwas yana da tsada, kuma sai an yi saƙonsa daga Kano ko Kasuwar Alaba ta Ikko. To, ga abokinsa yana da wani mai kafa biyu. Sai ya aro, ya cusa a wata kafar USB, ya sa wata manhaja ta kyauta mai suna ASIO4ALL wadda kan nuna wa kwamfuta akwatunan biyu kamar guda ne, ya ga kafa huɗu sun bayyana, ya ce aiki ya yi. Minti na farko kuwa lafiya lau. Sai an yi nisa za a fara jin wani ɗan ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshiyar kara, kuma amshi ya fara yin wani irin amo kamar daga cikin randa yake fitowa.

YADDA KWAMFUTA KE JI

Kafin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar, sai ya san yadda kwamfuta ke jin sauti. Sauti dai girgizar iska ce. Makirfo shi ke mai da girgizar nan ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta ba ta san kome ba sai lamba. Saboda haka aikin akwatin sauti shi ne ya auna tsawon wannan lantarki ya rubuta lamba, ya sake aunawa ya sake rubutawa, haka haka sau 44,100 ko sau 48,000 a cikin sakan guda. In an zo saurare, sai a sako lambobin nan ɗaya bayan ɗaya da gudun da aka ɗebe su, lasifika ta mai da su sauti. Abin da ya sa awon ya yi yawa haka shi ne wata ƙa'ida da Harry Nyquist ya share wa hanya a 1928, Claude Shannon kuma ya tabbatar da ita a 1949, dukkansu ma'aikatan ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka. Ƙa'idar ta ce dole yawan awo ya wuce ninki biyu na sautin da ya fi kowane siranta cikin abin da ake son kamawa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji har zuwa girgiza 20,000 a sakan, don haka sai awo ya haura 40,000.

Wani zai ce, to me ya kawo 44,100, lamba mai kama da kuɗin cinikin da ba a daidaita ba? Tarihinta yana da ban sha'awa. A ƙarshen shekarun 1970 babu wata ma'ajiya mai araha da za ta ɗauki wannan tarin lambobi sai kaset ɗin bidiyo. Saboda haka injiniyoyi suka riƙa rubuta lambobin a kansa kamar hoto na ɗigo fari da baƙi. Talbijin irin namu na Nijeriya, wanda ake kira PAL, yana nuna rabin hoto sau 50 a sakan, a kowanne ana amfani da layi 294, kowane layi kuma yana ɗaukar awo 3. In ka buga 50 sau 294 sau 3, za ka sami 44,100 daidai. Irin na Amurka kuma 60 sau 245 sau 3, shi ma nan ya faɗo. Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sai suka riƙe wannan lamba, duniyar waƙa ta gaje ta. Masu talbijin da fim kuwa suka zaɓi 48,000, wadda ta fi rabuwa daidai da hotunansu: hoto 25 a sakan kowanne ya sami awo 1,920, hoto 24 irin na silima kowanne ya sami 2,000 ba saura.

NAIRA DA SEFA

Ashe ke nan kuɗi iri biyu ne ke yawo a situdiyo, kamar yadda Naira da Sefa ke yawo a kasuwar Mubi. Ɗan kasuwar Mubi ya san cewa canji lissafi ne. Wanda ya ɗauki takardar Sefa ya rubuta Naira a kanta bai yi canji ba, ya dai yaudari kansa. Haka abin yake a nan. Mai da waƙa daga 44,100 zuwa 48,000 aiki ne na lissafi, inda kowane awo 147 ake mai da shi 160, kuma manhajojin yau irin su Cubase da FL Studio suna yin sa da kyau, sau da yawa ba tare da an ce musu su yi ba. Matsala tana zuwa ne in ba a yi lissafin ba, aka dai sauya suna.

Ga yadda takan faru. A ce situdiyo tana da miksa ta zamani, irin Behringer X32 da ake gani a majami'u da wuraren taro, tana tafiya a kan 48,000, ita ce kuma ke ba kwamfuta lokaci. Shi kuwa yaro ya buɗe aikinsa a kan 44,100 kamar yadda ya saba. Wata manhajar za ta yi gargaɗi, ya danna ya wuce. Lambobi suna shigowa 48,000 a sakan, amma a goshin fayil ana rubuta 44,100. Muddin ana cikin ɗakin, kome daidai ake ji, domin miksar da ta ɗauka ita ce ke mayarwa. Sai an tura waƙar cikin waya an kai gida, sa'an nan asiri zai tonu. Waƙar minti 5 ta zama minti 5 da sakan 26, muryar kowa ta sauka kusan maɓalli ɗaya da rabi a jikin fiyano, mata sun yi kauri, ganga ta yi nauyi. Ga batirin Shata ya dawo. In kuma aka yi akasin haka, waƙar minti 5 za ta rasa sakan 24, dattijo ya koma da muryar ɗan samari.

Masu fim su suka fi kowa shan wannan wuya, da yake a finafinan Hausa ana gama waƙa a situdiyo ne, sa'an nan 'yan wasa su je su bi ta da baki a gaban kyamara. Bambancin ya kusa kashi 9 cikin 100, watau kafin a yi sakan goma baki da murya sun rabu da kusan sakan guda. Fim mai minti 90 zai ƙare sauti yana bin sa bashin kusan minti 8. Shawarata a nan gajeruwa ce. Duk waƙar da za ta haɗu da hoto, ko a fim, ko a Arewa24, ko a YouTube, a fara ta a kan 48,000 tun daga bugun farko, a rubuta lambar a takarda a manna a bango, kuma duk wanda za a aika wa aikin a Kano ko Yola a gaya masa ita. Tun ran gini ran zane.

LUGUDE

Wancan ciwo mai sauƙi ne, domin ido yana ganinsa a rubuce. Na biyu shi ne mugu, don yakan kama wanda ya yi kome daidai. Yaro ya sa akwati na farko a kan 48,000, ya sa na biyu a kan 48,000, amma ƙas ƙas ɗin nan bai daina ba. Me ya faru?

Kowane akwati yana da agogonsa a ciki. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne mai kama da gilashi, ɗan'uwan wanda ke cikin agogon hannu da ake rubuta Quartz a fuskarsa. In an ba shi lantarki yakan yi rawa da gudu tsayayye. Na agogon hannu yana rawa sau 32,768 a sakan. Na akwatin sauti yakan yi sau 12,288,000, a raba wannan gida 256 a sami 48,000. To, amma babu duwatsu biyu a duniya da aka yanka daidai wa daida. Kowa ya san in mutum biyu suka saita agogonsu da labarun ƙarfe bakwai na Rediyon Kaduna, bayan wata guda sai an sami 'yan sakanni tsakaninsu. Zafi da sanyi ma suna taɓa dutsen, don haka gudunsa da asubahin hunturu dabam yake da na azahar ɗin watan Afrilu a ɗakin kwano wanda aka toshe tagoginsa da katifa.

Bari mu yi lissafi. Ƙa'idar kayan sauti ta duniya tana ɗaukar kuskuren kashi 50 cikin miliyan a matsayin agogo mai kyau. A ce tsakanin akwatunan nan biyu akwai wannan ɗan bambanci. A kowane sakan ɗaya zai riga ɗaya da awo biyu da ɗoriya. Abin kamar ba kome ba. Amma bayan minti 10 ratar ta kai kashi 30 cikin dubu na sakan. Sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka wannan rata daidai take da a ce rabin 'yan amshi sun yi ta ja da baya a hankali har sun yi nisan mita 10 daga sauran, alhali ba wanda ya motsa. Da yake murya ɗaya tana shiga makirfo na wannan akwati tana kuma shiga na wancan, in aka haɗa su sai su riƙa cin juna, shi ne amon randa da aka ji. Bayan awa guda, kamar in wa'azi ko lacca ake ɗauka, ratar ta kusa kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ko yaro zai gane baki bai bi murya ba.

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci sauran bayanin. Muddin hannunsu ɗaya ne, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, abin har da daɗin ji. In ɗaya ta fi ɗaya sauri ko da ƙiftawar ido ne, ba za a gane ba a bugu na farko ko na goma, amma lalle akwai bugun da taɓare za su haɗu. Kwamfuta turmi ɗaya ce. Tana karɓar lambobi da gudun akwati guda, na ɗayan kuwa ko su taru su yi yawa ta zubar da wasu, ko su yanke ta cike gurbin da wofi. Duk inda ta zubar ko ta cike, nan ne kunne ke jin ƙas. Manhajar ASIO4ALL ta haɗa kafofi, amma ba ta da ikon haɗa duwatsun nan biyu. Gaskiya ne akwai wasu ƙananan akwatuna da kan ɗauki lokaci daga kwamfutar kanta, wani lokaci a yi dace su tafi tare, sai dai ba a gina sana'a a kan dace. Makirfo mai wayar USB kuwa, wanda samari ke so don araha, kowanne akwatin sauti ne mai zaman kansa da agogonsa a ciki, in ka haɗa uku ka naɗa sarki uku.

Masu fim sun san wannan tun da daɗewa. A zamanin da marigayi Adamu Halilu, ɗan Garkiɗa ta nan Adamawa, ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, kyamara dabam take, rakoda dabam. Rakodar da masu fim na duniya suka dogara da ita a lokacin ita ce Nagra ta ƙasar Suwizalan, wadda kan rubuta wani siririn bugu a jikin tef tare da sauti, don in an zo haɗawa a san gudun da kyamara ta yi. Allon nan da ake tafawa a gaban kyamara shi ma don haka aka yi shi.

WA ZAI JA?

Magani ɗaya ne, ko da yake hanyoyinsa sun bambanta: agogo guda ya ja, sauran su bi, kamar yadda 'yan amshi ba su da wani lokaci sai na uban waƙa. A jikin kayan da aka yi don haka akwai wurin zaɓi. Wanda zai ja a sa shi a kan Internal, watau ya bi agogon cikinsa. Duk sauran a sa su su karɓa daga waje. In biyu suka tsaya a kan Internal, an yi sarki biyu. In kuma duka aka ce su karɓa daga waje, an yi gari ba sarki, kowa yana jiran kowa. Yawancinsu suna da 'yar fitila ko rubutu mai nuna sun kama, kada a fara ɗauka sai an gan ta.

Lokacin yana bi ta waya ne, kuma wayoyin iri uku ne mai ƙaramar situdiyo zai gamu da su. Akwai wadda aka rubuta Word Clock a kafarta, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan sai bugun lokaci. Irin wayar tauraron ɗan'adam ce ko ta kyamarar tsaro, mai om 75, da kai mai murɗawa, kuma a na'urar ƙarshe sai an rufe layin da abin toshewa mai om 75, in ba haka ba bugun yakan dawo baya ya rikita na gaba. Akwai S/PDIF, wadda ke ɗaukar kafa biyu tare da lokacinsu. Kanta irin na wayar bidiyo ne, kuma in babu tata, rawayar nan ta hoto ta fi ja da fara dacewa. Sai kuma ADAT, wayar haske, wadda kamfanin Alesis na Amurka ya fito da ita a farkon shekarun 1990. Siririya ce kamar tsinke, amma tana ɗaukar kafa takwas a kan 48,000 tare da lokacinsu. Abokin gabanta ƙura ce da lanƙwasa, saboda haka da hunturu a riƙa mayar da 'yan murafunta.

Ni a ganina wannan ta ukun ita ce hanyar mai son ɗaukar jama'a. Ya sami akwati guda mai kafar ADAT, irin Scarlett 18i20 ko UMC1820, in aiki ya ƙaru ya ɗora masa ƙari mai kafa takwas irin ADA8200. Kwamfuta akwati ɗaya take gani, kafa kuwa goma sha shida. Abin lura shi ne, 2i2 da ire-irensa ba su da ko ɗaya daga kafofin nan uku, don haka ko an yi musu yaya ba za su bi wani ba. Wanda ya sayi biyu ko uku daga cikinsu da nufin tara kafa, da ya haƙura ya tara kuɗin wuri ɗaya. Araha ba ta ado.

Mai kwamfutar Apple yana da wata mafita. A cikinta akwai wurin haɗa akwatuna da yawa su zama ɗaya, a zaɓi mai ja, sauran kuma a kunna musu abin da ake kira Drift Correction, wanda kan yi ta canji a ɓoye yana daidaita su. Yana aiki, ko da yake yakan ɗan ƙara wa kwamfuta nauyi. Amma mafi yawan samarinmu Windows suke riƙe da ita.

Akwai kuma hanyar da ake rainawa, alhali da ita aka ɗauki manyan makaɗanmu a gidajen rediyo. A tara duk makirfo a miksa ta gargajiya, a daidaita su da kunne tun kafin a fara, a fitar da waya biyu zuwa akwati guda. Wayar sauti ta gargajiya ba ta ɗauke da agogo, ba abin da zai saɓa. Haka nan fiyano in da irin wannan waya aka haɗa shi, ba ruwansa da duk abin da muka faɗa. Aibinta shi ne ba a iya rage ganga ko ƙara amshi bayan an gama. Amma ƙungiyar da ta yi shekara goma tana waƙa tare ta riga ta daidaita kanta, abin da take bukata shi ne mai kunne ya san inda zai kafa makirfo.

LAIFIN DA BA NA JANARETA BA

Da an ji ƙas a waƙa, abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne wuta. Lalle janareta yana da nasa zunubi, yakan sa gurnani cikin waya, yakan kuma ƙona kaya. A zamanin da ma, wasu injinan tef da na faifai suna ɗaukar gudunsu ne daga bugun wutar gari, wanda a Nijeriya 50 ne a sakan, in ya yi ƙasa waƙa ta yi ƙasa. Amma dutsen cikin akwatin sauti bai san da wannan ba. Abin da ɗauke wuta kan yi shi ne, in aka kashe aka kunna, wasu na'urori sukan manta abin da aka gaya musu su koma bin agogon kansu. Saboda haka duk lokacin da aka koma kan janareta ko aka dawo, a sake duba wa ke ja.

Akwai kuma ƙas ɗin da ke zuwa daga gajiyar kwamfuta. Lambobi suna taruwa ne a wani ɗan rumbu da ake kira bafa kafin a sarrafa su. In rumbun ƙarami ne, kwamfutar kuma tsohuwa ce ta gwanjo, sai ta kasa kai wa. Bafa mai awo 256 jinkirinta kashi 5 ne da ɗoriya cikin dubu na sakan, mai 1,024 kuwa kashi 21. Rarrabe su ba wuya. A ƙara bafa, in ƙas ya tafi, gajiya ce. In ya ci gaba da zuwa a kan kari, tazararsa kusan ɗaya, to agogo ne. Gwajin da ya fi kowane kuwa ba ya cin ko kwabo. A ajiye makirfo biyu kusa da juna, ɗaya a wannan akwati ɗaya a wancan, a yi tafi guda, a bar su suna ɗauka minti 10, a sake tafi. A buɗe hoton sautin a duba. In tafin farko ya zo daidai na ƙarshe ya goce, an kama ɓarawo. A yi wannan tun kafin motar Michika ta iso.

Ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramar situdiyo ya sayi agogo na musamman mai tsada ba, wannan kayan manyan gidaje ne masu na'urori barkatai. Haka nan ɗoki da ake yi na ɗauka a kan 96,000 don a ce an fi wane. Kafa guda a kan 48,000 tana cin kimanin megabait 8 da rabi a minti, a kan 96,000 ta ci 17, kwamfuta ta ƙara gajiya, wayar ADAT kuma ta koma kafa huɗu maimakon takwas. Waƙar kuwa ƙarshenta a matse ta ta zama MP3, masu turawa a bakin kasuwa su zuba ta cikin katin waya.

Saura aikin da ya riga ya ɓaci. In suna ne kawai aka rubuta ba daidai ba, ba a yi asarar kome ba, lambobin suna nan cif. A buɗe fayil a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, a gyara lambar da ke goshinsa ba tare da an yi canji ba, murya za ta koma mazauninta. In kuma na'urori biyu ne suka ɗauka kowace a gefenta, kamar kyamara da rakoda, ana iya ja ko tsuke ɗaya har tafin farko da na ƙarshe su haɗu. Amma inda kwamfuta ta zubar da awo, ya zube ke nan. Akwai manhajojin da kan shafe ƙas ɗin su yi ƙiyasin abin da ya ɓata, sukan rufa asiri in kaɗan ne. In ya yi yawa sai a sake kiran mawaƙa, a sake biyan mota. Wannan yana yiwuwa ga matan zumunta da 'yan Islamiyya. Ga tsohon makaɗin Gude ko na Fali wanda aka sauko da shi daga kan dutse sau ɗaya, a yankin da rikicin 2014 ya tarwatsa mutane da kayansu, ba kullum ake samun zama na biyu ba. Irin wannan a kafa masa makirfo biyu a akwati guda, a ajiye wata 'yar rakoda a gefe tana ɗauka ita kaɗai, kuma kafin ya tashi a saurari abin da aka ɗauka a cikin waya, daga farko har ƙarshe.